Shekara Goma Sha Biyu a Kujerar Dama

Hamajoɗa Bobboyi,
Lambar Ma'aikaci 014,
Unguwar Rumde, Jimeta,
Lardin Adamawa.

Litinin, 10 ga Maris, 1975.

Zuwa ga
Mai Girma Kwamishinan Ayyuka da Sufuri,
kuma Shugaban Hukumar Daraktocin Kamfanin Jiragen Saman Tafki,
Jihar Arewa maso Gabas,
Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI MUƘAMIN KYAFTIN TUN 1969, DA RAHOTON ƘARYA NA 13 GA AGUSTA 1971, DA TAKARDAR SALLAMA TA 27 GA FABRAIRU 1975

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan wannan takarda ta sami Mai Girma Kwamishina cikin ƙoshin lafiya, ina neman izini in kawo kukana gabansa, a matsayinsa na shugaban Hukumar Daraktocin kamfanin da nake yi wa aiki, wanda gwamnatin jiha ce ke da kaso mafi girma a cikinsa.

Takardu biyar na rubuta wa Janar Manajan kamfanin, Alhaji Haladu Ɗan'auta, tsakanin 1970 da 1974, duka da Turanci. Guda ɗaya aka amsa. Wannan na rubuta ta da Hausa ne domin akwai mutum biyu da ya wajaba a karanta musu ita kafin ta bar hannuna, wato matata, da matar wani mamaci da sunansa zai fito a ciki, kuma cikinsu babu mai jin Turancin ofis. In an ga tuntuɓe a Hausata a yi mini afuwa, Fillanci muke yi a gida.

1. An haife ni a Yola Gari a 1938. Mahaifina, marigayi Modibbo Bobboyi, malamin zaure ne. Da na gama makarantar Midil na kama aiki a ofishin duba yanayi na filin jirgin sama, inda nake auna iska da ruwan sama in kai wa matuƙa takarda a bakin jirgi. A watan da aka sami 'yancin kai, Oktoba 1960, gwamnatin Arewa ta tura mu mu huɗu Ingila koyon tuƙin jirgi. Mu biyu muka gama. Na dawo a Maris 1963, kamfani ya ɗauke ni mataimakin matuƙi ranar 1 ga Afrilu na wannan shekara. Domin Mai Girma ya gane abin da zai biyo baya: jiragenmu samfurin Dakota ne, mutum biyu ke tuƙa kowanne. Kyaftin yana zama a hagu da igiya huɗu a kafaɗarsa, shi ke da maganar ƙarshe. Mataimaki yana zama a dama da igiya uku. Daga ranar da aka ɗauke ni zuwa ranar da na daina tashi, a dama na zauna.

2. Sashe na 12 na Ƙa'idojin Aiki ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin mataimaki ya zama kyaftin: shekara biyar a bakin aiki, awa dubu uku da ɗari biyar a sama, babban lasisi, da cin jarrabawar tuƙi a gaban Shugaban Matuƙa tare da shaida ɗaya. Shekara biyar na cika a Afrilu 1968. Awanni na cika a Agusta na wannan shekara, domin lokacin yaƙin basasa, da gwamnati ta ɗauki hayar jiragenmu, na yi wata goma sha huɗu ina jigilar magunguna da waɗanda suka ji rauni. Babban lasisi na karɓa a Maris 1969.

Ranar Talata, 18 ga Nuwamba 1969, na zauna jarrabawa a filin jirgin Yola. Shugaban Matuƙa na lokacin, wani Bature da kwantiraginsa ke gab da ƙarewa, ya kashe mini injin guda sau biyu a sama, ya rufe mini gilashi na sauka da alluran jirgi kaɗai. Shaida shi ne Kyaftin Zadok Eli, mutumin Numan, wanda ya riga ni shiga aiki da shekara huɗu. Da muka sauka Baturen ya cika fom a kan fiffiken jirgi, ya sa hannu, Kyaftin Zadok ya sa, ni ma na sa. Ya ce na ci, zai miƙa wa ofis, in saurari takardar Hukuma a farkon shekara. Ya bar ƙasar nan cikin Disamba.

3. A Fabrairu 1970 na je ofis tambaya. Akawu ya buɗe fayil ɗina a gabana, babu fom. Manaja ya ce tunda babu takarda to babu jarrabawa, sai na sake. A Mayu aka naɗa Kyaftin Zadok Shugaban Matuƙa, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera a kamfanin, kuma na yi murna da haka, don a tsammanina al'amarina ya zo hannun wanda ya gani da idonsa. Na tambaye shi ko yana da kwafin fom ɗin. Ya ce zai duba. Sau uku ya sa mini ranar sake jarrabawa, 9 ga Yuli, 22 ga Oktoba, da 11 ga Maris 1971, sau uku kuma aka ɗaga. Na farko an ce jirgi yana gyara. Na biyu an ce akwai hayar gaggawa zuwa Jalingo. Na uku ba a ba ni dalili ba.

4. Ranar Alhamis, 12 ga Agusta 1971, mun taso daga Maiduguri zuwa Yola ƙarfe uku da minti goma na yamma, da fasinja goma sha tara da jakunan wasiƙu. Kyaftin Zadok ke tuƙi. Da muka wuce saitin Gombi na ga gumi ya jiƙa masa riga alhali akwai sanyi a ɗakin tuƙi. Na yi masa magana ya amsa da abin da ba shi da ma'ana. Bayan kamar minti biyu ya kife a kan sitiyari, hancin jirgi ya yi ƙasa. Na ja da hannu biyu ina danna ƙararrawa da gwiwar hannu, har Malam Ɗanburam, ma'aikacin kula da fasinja, ya shigo ya janye shi baya ya ɗaure shi a kujera. Mun yi asarar tsawo kamar ƙafa dubu da ɗari biyu kafin jirgi ya daidaita.

A kan Binuwai hadari ya rufe garin Yola. Na yi minti ashirin da biyar ina kewayawa ina jira ya wuce, bai wuce ba, mai kuma ya fara ƙasa. Waifa mai share ruwa a gilashin gefena ba ta aiki, kuma sau biyu na rubuta hakan a littafin gyara cikin wannan watan. Na buɗe ƙaramar tagar gefe na leƙa da kai, ruwa na dukan fuskata, da haka na ga titin jirgi. Iska tana buguna daga gefe. Na taɓa ƙasa da ƙarfi, tayar hagu ta fashe, jirgi ya zame ya bar titi ya tsaya cikin laka. Wata fasinja, malamar makaranta da za ta Ganye, ta karye a wuyan hannu. Ba a rasa rai ba.

Kyaftin Zadok ya farfaɗo bayan Malam Ɗanburam ya ɗura masa shayi mai sukari. Ba a kai shi asibiti ba. Motar Manaja ce ta ɗauke shi daga bayan rumfar gyara ta kai shi gida.

5. Washegari Juma'a, 13 ga wata, Manaja ya kira ni ofis kafin masallaci. Na tarar an riga an buga rahoto. Abin da ke ciki shi ne kyaftin ya ba mataimaki damar sauka domin horo, mataimaki ya kasa auna iska, ya buga jirgi da ƙasa. Babu maganar suma, babu maganar waifa. Na ce masa ba haka aka yi ba. Ya ce ya sani. Ya ce ciwon sukari ne, kuma in maganar ta kai hukumar kula da jiragen sama a Ikko za a karɓe lasisin Kyaftin Zadok a ranar, kamfani ba shi da wani ɗan ƙasa da ya cancanci zama Shugaban Matuƙa, za a dakatar da izinin tashi, ma'aikata sittin da wani abu su koma gida. Ya ce taya ce kawai, kowane matuƙi ya taɓa fasa taya. Ya ce in ba shi wata shida zai sa mini igiya ta huɗu da hannunsa.

Na nemi a bar ni in ga Kyaftin Zadok tukuna. Na same shi kwance a falo, 'ya'yansa huɗu suna zaune a ƙasa kusa da shi. Bai roƙe ni komai ba. Hannuna kawai ya riƙe ya daɗe bai saki ba. Shi ne ya koya mini sauka a filayen ƙasa na Mambila lokacin da sauran kyaftin ba sa barin mataimaki ya taɓa sitiyari. Na koma ofis bayan an sauko Juma'a na sa hannu.

Ina shaida wa Mai Girma a rubuce cewa rahoton nan ƙarya ne, kuma sa hannun da ke ƙasansa nawa ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

6. Da wata shida ya cika na rubuta tunatarwa ranar 14 ga Fabrairu 1972. Ita ce takarda ɗaya da aka amsa. Amsar, mai kwanan wata 6 ga Maris, layi huɗu ce. Ta ce bisa la'akari da rahoton 13 ga Agusta 1971, ba a ga ya dace a duba batun ƙarin girmana ba sai bayan shekara biyu ba tare da wani kuskure ba. Alhaji Haladu ne ya sa mata hannu. Na je ofishinsa da ita. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo, ya ce in yi haƙuri, Hukuma ce ta ga rahoton, shi ba yadda zai yi. Ban tuna masa wanda ya buga rahoton ba. Na sha lemon na fito.

7. Ina roƙon a duba jadawalin aiki daga Satumba 1971 zuwa Yuni 1974. Ƙa'ida ita ce ana juya mataimaka tsakanin kyaftin-kyaftin duk wata. A cikin wannan wata talatin da huɗu, in ban da tafiya goma sha ɗaya, ban tashi da kowa ba sai Kyaftin Zadok, shi ma bai tashi da kowa ba sai ni. Ba wanda ya gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba. Na fara ajiye ƙwayoyin sukari a aljihun rigata na hagu. Na koyi kallon hannunsa da goshinsa kamar yadda nake kallon allurar mai. Sau biyu abin ya sake faruwa a sama, ranar 19 ga Afrilu 1972 tsakanin Bauchi da Gombe, da ranar 8 ga Nuwamba 1973 muna gangarowa Jalingo. Duka biyun na ba shi sukari, na sauke jirgi, aka rubuta a littafi cewa kyaftin ne ya sauka. A shekararsa ta ƙarshe kusan duk tashi da sauka ni nake yi, shi yana magana da hasumiya ta rediyo. Yadda ya riƙa wuce gwajin likita duk wata shida ban sani ba, ban kuma nemi sani ba.

Na duba littafina na lissafa. Mutanen da muka ɗauka a wannan tsakanin sun haura dubu goma sha huɗu. Cikinsu akwai masu zuwa asibiti, da alhazai da za su kama babban jirgi a Kano, da ma'aikatan gwamnati, har da Mai Girma Kwamishina kansa sau biyu. Ba wanda ya san halin da ake ciki a ɗakin gaba.

8. A Yuni 1973 aka ba Malam Ɗantani Usmanu muƙamin kyaftin. Ya shiga aiki a 1968, ni na koya masa hanyoyin lardin nan da yadda ake cika takardar nauyin kaya. Ba ni da ƙorafi a kansa, matuƙi ne mai kyau, kuma ranar da aka sa masa igiya ya zo har gida ya gaishe ni ya kasa haɗa ido da ni. Na ambace shi ne kawai domin a ga cewa gurbi ya samu, kuma awannina a lokacin sun ninka nasa. A Janairu 1974 wani gurbin ya sake samuwa, aka ɗauko mutum daga waje.

9. Cikin azumin 1973 ciwon mahaifina ya yi tsanani. Ranar Asabar, 20 ga Oktoba, yayata Adda Kaltume ta aiko cewa ya daina cin abinci. Na nemi hutun kwana uku a rubuce. Manaja ya mayar mini da takardar da rubutun jan biro a gefe cewa babu wanda zai maye gurbina. A wannan makon mataimaka biyu suna zaune a ƙasa ba aiki, sunayensu suna cikin jadawali.

Ranar Litinin, 22 ga wata, muka tashi zuwa Jos ƙarfe bakwai na safe. Modibbo ya cika wajen ƙarfe tara. Daga hasumiya aka so a sanar da ni ta rediyo, ofis ya ce a bari sai na dawo. Na dawo na sauka a Yola ƙarfe biyar da kwata. An binne shi bayan azahar. Na haye Yola Gari da kakin aiki a jikina na tarar ana naɗe tabarmi.

Mahaifina bai so wannan aiki ba da farko, ya so in gaje shi a zaure. Daga baya ya saba, har in jirgin yamma ya ratsa ta kan gari yakan dakatar da karatu ya saurara. Mutanen unguwa tun 1963 Kyaftin suke kirana, don ba su san akwai bambanci ba. Shi ya sani, don na bayyana masa. Duk Sallah in na je gaisuwa yakan tambaye ni ko takardar ta zo. A shekara biyu na ƙarshe ya daina tambaya.

10. Kyaftin Zadok ya rasu a gidansa ranar Lahadi, 16 ga Yuni 1974, bayan ya dawo daga majami'a. Ina cikin waɗanda suka raka gawarsa Numan. Bayan rasuwarsa aka ɗauko sabon Shugaban Matuƙa na kwantiragi. Ya tashi da ni sau huɗu, ya tambayi abin da nake yi a kujerar dama har yanzu, na ce ya duba fayil. Ya duba, ya sa mini ranar jarrabawa 4 ga Maris 1975, wato Talatar da ta wuce.

Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, na je gwajin likita na wata shida a Kaduna. Likita ya rufe mini idon dama ya riƙa kawo ƙaramar fitila daga gefe, ya ce in faɗa in na gan ta. Ta gefen hagu ban gan ta ba sai da ta zo kusan gaban hancina. Ya maimaita sau uku. Ya ce jijiyar idon hagu ce take mutuwa a hankali, ta daɗe da farawa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya karɓi takardar lafiyata a nan take. Ba ni da ja a kan hukuncinsa, daidai ya yi. Na dawo Jimeta a mota.

Ranar 27 ga Fabrairu masinja ya kawo mini takardar kamfani cewa aikina zai ƙare 30 ga Afrilu. Sashe na 19 na Ƙa'idojin Aiki ya ce kyaftin da ya faɗi gwajin lafiya za a riƙe shi a matsayin malamin matuƙa na ƙasa. Mataimaki kuwa sallamarsa ake yi. Takardar ta gode mini bisa hidimar shekara goma sha biyu, ta nemi in mayar da hula da kakin aiki.

11. Ranar Lahadi, 2 ga wannan wata, Malama Keturah, matar marigayi Kyaftin Zadok, ta zo gidana a Rumde. Ta ji labarin sallamar. Ta ƙi shiga ciki duk da matata Asta ta yi ta roƙonta, a zaure ta tsaya. Ta miƙo mini ambulan mai ɗauke da sunana da rubutun mijinta. Ta ce a ƙasan akwatin kayansa ta same shi mako biyu bayan jana'iza, ba a liƙe yake ba, ta sa babban ɗansu ya karanta mata. Ta ce wata takwas tana ɗaukowa tana mayarwa, tana tsoron abin da zai sami sunan uban 'ya'yanta. Ta ce yanzu ta gaji da ajiyarsa, in yi duk abin da na ga dama da shi.

Abu biyu ne a ciki. Na farko kwafin fom ɗin jarrabawar 18 ga Nuwamba 1969, da sa hannunmu mu uku, da tabon man injin a kusurwa. Na biyu wasiƙa ce shafi uku, mai kwanan wata 6 ga Janairu 1974. A cikinta Kyaftin Zadok ya rubuta cewa tun Fabrairu 1970 ya san yana da ciwon, kuma tun ranar ya ƙudura ba zai tashi da wani mataimaki ba sai ni, domin ni kaɗai ya yarda zan iya sauke jirgi in ya faɗi. In na zama kyaftin za a ba ni nawa jirgin, shi kuma a haɗa shi da sabon hannu. Saboda haka ya zare ainihin fom ɗin daga fayil ya ƙona, ya kasa ƙona kwafin. Shi ya ɗaga jarrabawa sau uku. Ya ce daga Agusta 1971 Manaja ya san komai, kuma su biyu suka shirya jadawalin da na ambata a sakin layi na 7, suka kuma yarda a bar rahoton a fayil ɗina domin ya zama dalilin da za a riƙa ba Hukuma. Ya ce lokacin da mahaifina yake jinyar ajali shi ya roƙi kada a ba ni hutu. A ƙarshe ya nemi gafarata, ya ce zai ba ni wasiƙar hannu da hannu in ya sami ƙarfin zuciya.

Ranka ya daɗe, ana sa ran mai ƙorafi ya bayyana irin ɓacin ran da aka jawo masa, kuma na so in yi hakan a nan, amma ban same shi ba. Na karanta wasiƙar a tsaye, na ninke ta, na raka Malama Keturah bakin hanya har ta sami mota zuwa unguwarsu Jambutu, na dawo na yi sallar la'asar. Asta ce ta yi kuka. Adda Kaltume da ta ji ta faɗi maganganu a kan mamaci waɗanda ba zan rubuta ba. Ni na ci abincin yamma kamar kullum. Kwana takwas ke nan ina jiran fushi ya zo, bai zo ba. Da safe nakan zauna a ƙofar gida. In jirgin ƙarfe bakwai ya tashi nakan san wanne ne cikin jiragenmu uku, in kuma san wanda ke tuƙi daga yadda ya rage wuta, daga nan sai in shiga ciki. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya muna raba abinci a kwano ɗaya a filayen jirgi. Na rasa inda zan ajiye shi a raina, sai na bar shi inda yake.

12. Na haɗo da kwafin waɗannan: fom ɗin 1969, wasiƙar marigayi, rahoton 13 ga Agusta 1971, amsar 6 ga Maris 1972, takardar neman hutu mai jan biro, shafuka biyu na littafin gyara da ke nuna maganar waifa, da takardar sallama. Na asali suna wurina, zan gabatar da su duk lokacin da aka nema. Malam Ɗanburam ya bar aiki a 1972, yana sayar da yadi a kasuwar Jimeta. Na same shi jiya, ya ce a shirye yake ya faɗi abin da ya gani, da rantsuwa.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma Kwamishina, cikin ladabi:

(a) Ya sa a binciki wannan al'amari ta hannun mutanen da ba sa ƙarƙashin Janar Manaja, a karɓo jadawalin aiki na 1970 zuwa 1974 kafin wani abu ya same shi.

(b) A cire rahoton 13 ga Agusta 1971 daga fayil ɗina, a sa na gaskiya a madadinsa, a kuma aika da shi ga hukumar kula da jiragen sama.

(c) A amince da jarrabawar da na ci ranar 18 ga Nuwamba 1969, a rubuta mini muƙamin kyaftin daga farkon 1970. Na san ba zan zauna a kujerar hagu ba ko sau ɗaya. A takarda kawai nake nema.

(d) A dakatar da sallamar 30 ga Afrilu, a yi aiki da Sashe na 19 a kaina. Akwai sababbin mataimaka uku da suka dawo daga horo bara, ba su san filayen Mambila ba, ba su san yadda hadari ke tasowa a kan kogin nan ba. Zan iya koya musu a kan allo.

(e) A sake duba yadda ake gwajin lafiyar matuƙan kamfanin, ta hannun likitan da ba kamfani ne ya zaɓe shi ba. Wannan ya fi sauran gaggawa.

(f) Kada a taɓa Malama Keturah da 'ya'yanta a kan komai. Da ta so, da ta jefa ambulan ɗin a murhu ba wanda zai sani. An karanta mata wannan takarda daga farko har ƙarshe, ba ta nemi a cire ko kalma ɗaya ba.

Ban manta da nawa laifin ba. Na sa hannu a kan ƙarya, na kuma yi shekara uku ina ɗaukar mutane alhali na san abin da ba su sani ba. In bincike ya ga cewa wanda ya aikata haka bai cancanci igiya ta huɗu ba ko a takarda, ko ma ya cancanci hukunci, zan karɓa ba tare da ɗaukaka ƙara ba. Sai dai ina roƙo a rubuta wannan dalilin a fayil, a cire na fasa taya.

Roƙona na ƙarshe game da lokaci ne. Na san ayyuka sun yi wa ofishin Mai Girma yawa, kuma na saba da jira. Amma likitan Kaduna ya gaya mini cewa idon dama ma ya fara, bai kuma iya faɗa mini wata nawa ya rage ba. Ko wace iri ce amsar, ina so in karanta ta da kaina.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Kwamishina, ya yi masa jagora a kan abin da ke gabansa.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Hamajoɗa Bobboyi,
Mataimakin Matuƙi.